ƘWANNAFI: YADDA AKE MAGANINSA, DA SHIRIN ZUWA WURIN BABBAN LIKITA

Ƙwannafi ciwo ne da kusan kowa ya sani. Mutum ya ci tuwon dare ya ƙoshi, ya shimfiɗa tabarma ya kwanta. Can tsakar dare sai zafi ya tashe shi. Zafin yana farawa daga ƙahon zuciya, ya bi ƙirji, ya hau har maƙogwaro, kamar an sa garwashi. Wani lokaci ruwa mai tsami ko mai ɗaci ya taso masa har baki. Ya yi gyatsa, ya tashi zaune, ya nemi ruwa.

Wanda abin ke samu sau ɗaya a wata, ran suna ko ran salla da ya ci nama ya wuce kima, wannan ba shi da wata damuwa. Amma akwai wanda abin ya zame masa jiki. Sau 2 ko sau 3 a sati, wani ma kullum. Ba ya samun barcin kirki, da safe ya tafi gona a gajiye. Wani muryarsa ta dishe, wani ya yi ta tari da dare alhali ba mura. Darasin yau saboda irin wannan mutum ne, shi da iyalinsa.

Daga ina zafin yake fitowa?

Abincin da mutum ya haɗiye yana bin wata hanya daga maƙogwaro zuwa tumbi. Tsawonta kamar santimeta 25, wato taƙi guda da ɗan ƙari. Inda hanyar ta haɗu da tumbi akwai wata tsoka mai kama da zobe. In abinci ya zo ta buɗe, in ya wuce ta tsuke.

Cikin tumbi akwai ruwa mai tsami ƙwarai. Shi ke narkar da abinci, shi ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Wannan ruwa ba ya cin tumbi, don bangon tumbi yana da yauƙi mai kare shi. Hanyar abinci kuwa ba ta da irin wannan kariya.

Tumbi kamar salka yake. In bakin salka ya ɗauru da kyau, ko an kwantar da ita ruwa ba ya fita. In ɗaurin ya yi sako-sako, ko an cika ta da yawa, ko an danne ta, sai ruwa ya nemi baki. Haka nan in tsokar nan ta yi sanyi, ruwan tsami ya koma sama, ya ƙona hanyar abinci. Wannan ƙuna ita ce ƙwannafi. Ba sammu ba ne, ba wani ne ya ba mutum a abinci ba, ba a kuma ɗaukarsa wurin wani.

Abubuwan da ke danne salkar sanannu ne: cika ciki da yawa, kwanciya ko duƙawa bayan cin abinci, teɓa, ɗaure zariya ko zane tamau. Mai juna biyu ma tana yawan samunsa, galibi in ciki ya tsufa, kuma in ta haihu yakan tafi da kansa. Akwai kuma wanda saman tumbinsa ya ɗan turo cikin ƙirji. Wannan sai a asibiti ake gane shi.

Mutane suna haɗa ƙwannafi da gyambon ciki, amma ba ɗaya suke ba. Gyambon ciki rauni ne a bangon tumbi ko a farkon hanji. Ciwonsa yakan tsaya a ƙahon zuciya, yana cizo, sau da yawa in ciki ba komi. Abu biyu ne suka fi kawo shi: ƙwayoyin maganin ciwon jiki, da wata ƙwayar cuta da ake kira elikobakter. A da likitoci suna cewa ba ƙwayar cutar da za ta iya zama cikin tsamin tumbi. A shekarar 1982 wasu likitoci biyu na ƙasar Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna cewa tana nan zaune, kuma a 2005 aka ba su babbar kyautar Nobel saboda wannan aiki. Yanzu ana kashe ta da magani na kwana 10 zuwa 14. Mutum guda yana iya samun ƙwannafi da gyambo tare. Da ido ba a raba su.

Maganin farko yana gida

Babban abu shi ne lokacin cin tuwon dare. Ana so tsakanin lomar ƙarshe da kwanciya a samu awa 3. A ƙauye wannan yana da wuya, don tuwon dare shi ne babban abinci, kuma gidaje da yawa ba a sauke shi sai bayan lisha. Mutum ya wanke hannu, ya miƙe. To nan ciwon yake samun ƙofa.

Dabarar ita ce a ci da an sallame magariba. Bayan nan ga sallar lisha, ga hira a dandali ko sauraron rediyo, kafin a kwanta tumbi ya rage kaya. Amma wannan ba shawarar mutum ɗaya ba ce. Tuwo ba ya dafa kansa. Maigida da ke son tuwo da wuri, sai ya fidda hatsi da wuri, ya kawo cefane da wuri, ya zauna da uwargida su yi magana. Wanda ya fidda damma da la'asar ba shi da bakin cewa tuwo ya yi dare.

Sannan a rage yawan ci a zama guda. Gara a ci kaɗan sau 4 da a cika ciki sau 2. Abin da ya rage na dare ba asara ba ne, ɗumamen safe ne.

Na biyu, shimfiɗa. A ɗaga wajen kai na gado da tubali, santimeta 15 zuwa 20, yadda ƙirji zai fi ciki tudu. Mai kwana a tabarma ya sa katako ko tsohuwar ƙofa a jingine, in ko a waje ake kwana lokacin zafi, ya tara rairayi ya yi gangare, ya shimfiɗa a kai. Tara matasan kai ba ya yi. Wuya kawai suke ɗagawa, su lanƙwasa mutum, ciki ya ƙara matsuwa. Kwanciya ta gefen hagu tana rage tasowar tsami, saboda yadda tumbi yake zaune cikin jiki. Wanda ya saba fara kwanciya ta dama ya fara, in ya so ya juya.

Wajen abinci, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ke tayar wa wani bai tayar wa wani. Waɗanda aka fi kuka da su su ne abin da aka soya da mai, kamar ƙosai da fanke da soyayyen nama, sai tonka da yaji, ɗanyar albasa, tumatir, tsamiya, lemon tsami, hura da nono mai tsami ƙwarai, da lemon kwalba mai kumfa. Ba a ce mutum ya bar su duka rana ɗaya ba. Akwai masu yin haka, su koma kunu tsura, su rame a banza. Sai ya ɗauki guda ɗaya da yake zargi, ya bar shi sati 2, ya gani. In an samu sauƙi, an kama ɓarawo. In ba a samu ba, ya mayar da shi, ya gwada wani.

Shayi mai ƙarfi, musamman na farko kuma da dare, da kafe, da goro, duk suna tayar wa mutane da yawa. Na'a-na'a da ake sa wa shayi ita ma tana sassauta tsokar nan. Taba kuwa ba ta da wani uzuri, ta sha da ta ci. Giya haka.

Wajen aiki, in an kawo hura gona an sha, kada a duƙa nan take. A ɗan zauna a inuwa, a zaune ba a kwance ba. Mai noma da haiwa a tsaye ya fi mai kalme samun sauƙi. Mata ma haka: shara, wanki da jan guga, a yi su kafin cin abinci in da hali. Mai teɓa in ya rage ko da kilo kaɗan ne, zai ji bambanci.

Da azumi abin yakan tsananta. Dalili a fili yake: an sha ruwa an cika ciki da soye-soye lokaci guda, an yi sahur an koma barci. Mai ƙwannafi ya buɗe baki da abu kaɗan, ya yi salla, sannan ya ci a hankali. Bayan sahur ya zauna har gari ya waye.

Magunguna: na kirki da na ɓarna

Abin da hannu ya fi saurin kaiwa shi ne kanwa. A jiƙa, a sha, a yi gyatsa, zafi ya kwanta. Gaskiya ne tana kashe tsami na ɗan lokaci. Amma tana cika ciki da iska, kuma bayan ɗan lokaci zafin ya dawo. Abin da ya fi wannan, kanwa ƴar uwar gishiri ce. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko ƙoda, mai juna biyu da mai jego, shan ta kullum yana iya ja musu kumburi da wahalar da ta fi ƙwannafi. Madara ma tana sanyaya ƙirji lokacin da aka sha, amma ba magani ba ce.

A gidan likita akwai magani iri biyu. Na farko mai kashe tsamin da ya riga ya taso, na ruwa ko na tsotsa, irin su Maalox da Gaviscon. Ana shan sa bayan cin abinci ko in zafi ya taso. Yana aiki nan da nan, amma ba ya daɗewa. Wanda ke shan wani magani daban, kamar ƙwayar ƙarin jini ta masu juna biyu, ya sa awa 2 tsakaninsu, don yana hana wasu magunguna shiga jiki.

Na biyu shi ne mai rage tsamin tun daga tushe. Wanda aka fi samu shi ne omefarazol. A jikin kwalinsa an rubuta Oméprazole, mai karatu ya riƙe wannan rubutu. Galibi ana ba da ƙwaya guda ta miligiram 20 a rana, sati 4 zuwa 8. Yadda ake shan sa yana da muhimmanci ƙwarai, kuma nan mutane da yawa ke kuskure. Ana shan sa da safe, ciki ba komi, minti 30 kafin karin kumallo. Da azumi, minti 30 kafin sahur. A haɗiye shi da ruwa, kada a tauna. Ba ya kashe zafi nan take. Sai ya yi kwana 2 zuwa 4 kafin ƙarfinsa ya bayyana. Wani ya sha yau, dare ya ji zafi, ya ce maganin banza ne, ya jefar. Wani kuma ba ya shan sa sai zafi ya taso, kamar kanwa. Duka biyun sun yi asarar kuɗɗinsu. Ran da aka gama shan sa, zafi yana iya ɗan dawowa na ƴan kwanaki. Wannan ba ya nufin ciwon ya fi ƙarfin magani.

Akwai wani tsohon magani, Ranitidine. A shekarar 2020 hukumomin magani na Amurka da na Turai sun hana sayar da shi, don an samu wani abu cikinsa da ake tsoron yana kawo sankara. In an gan shi a tebur ko a tiren ɗan talla, a bar masa abinsa.

Yanzu ga masu ɓarna. Manomi ya wuni a duƙe, baya na ciwo, gwiwa na ciwo. Ya aiki yaro wurin mai tebur ya sayo ƙwayar ciwon jiki, ya kora da shayi, ciki ba komi. Yawancin waɗannan ƙwayoyi Aspirine ne, ko Ibuprofène, ko Diclofénac. Suna rage ciwon gaɓoɓi, amma suna cin yauƙin da ke kare tumbi. Su ne ke huda gyambo har ya yi jini. Mai ƙwannafi ko gyambon ciki kada ya sha su sai likita ya ce. In ciwon jiki ne ko ciwon kai, Paracétamol ya fi masa, gwargwadon yadda manjo ya faɗa. Ga amfanin karatu nan: mutum ya juya kwali ya karanta sunan da kansa kafin ya haɗiya.

Mai juna biyu kada ta sayi komi da kanta. Ta faɗa wa ungozoma ran awo.

Alamun da ba a jira da su

Yawancin masu ƙwannafi suna samun sauƙi da abin da aka faɗa a sama. Amma tsami in ya shekara da shekaru yana ƙona wuri guda, yana iya barin tabo, hanyar abinci ta tsuke. Ga mutane kaɗan, wurin yana iya juyewa ya zama sankara. Kuma sankarar tumbi ita ma da farko tana kama da ƙwannafi. Saboda haka akwai alamun da ke cewa a nemi likita:

Loma tana tsayawa a ƙirji. Da farko nama, sannan tuwo, daga baya har kunu.
Mutum yana ramewa ba dalili, ko abinci ya fita ransa.
Amai kullum.
Ido da tafin hannu sun yi fari, ga jiri da kasala.
Mutum ya wuce shekara 50, ciwon kuma sabo ne gare shi.
An sha omefarazol yadda ya kamata har sati 8, ba sauƙi, ko da an bari sai ya dawo da ƙarfi.

Masu waɗannan alamu kada su ce sai kaka in an sayar da wake. Su tafi cikin satin.

Akwai kuma abu biyu da ba sa jiran ko gobe. Na ɗaya jini: aman jini, ko amai baƙi kamar garin kafe, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, mai wari. Mai shan ƙwayar ƙarin jini bayan gidansa yakan yi duhu, wannan daban ne, amma shi ma ya faɗa wa manjo. Na biyu ciwon ƙirji mai nauyi, kamar an ɗora dutse, wanda ke zuwa in ana aiki ko tafiya, yana bin hannun hagu ko muƙamuƙi, da zufa da sarƙewar numfashi. Wannan yana iya zama zuciya ce, ba tumbi ba. A nemi amalanke ko mota a lokacin, ko dare ne.

Hanyar zuwa wurin babban likita

Likitan ciki, wanda ya yi karatun wannan fanni musamman, ba a samunsa a ƙauye. Yana manyan asibitoci, irin na Yamai da Damagaram da Maraɗi. Tafiyar ba ƙarama ba ce. Daga Tawa zuwa Yamai ya fi kilomita 500, daga Maraɗi ya fi 600, daga Damagaram kusan 900. Mutum zai sayar da akuya ko buhun hatsi kafin ya tashi. Abin baƙin ciki shi ne ya je ya dawo ba a yi masa komi ba, don bai shirya ba. Tun ran gini ran zane.

Ana farawa daga gidan likita na kusa, CSI. Manjo ya duba, in ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya rubuta takardar turawa zuwa asibitin gunduma, daga nan in da bukata a tura gaba. Wannan takarda ita ke gaya wa babban likita abin da aka gani da abin da aka riga aka ba mutum. Wanda ya tsallake ya tafi birni hannu sake, yakan sha jeka-ka-dawo.

Kafin ya bar gaban manjo, ya tambaye shi abu huɗu. Wane asibiti ne mafi kusa da ke da likitan ciki? Wace rana yake ganin mutane? Kamar nawa za a riƙe? Maganin da ake sha, a ci gaba ko a tsaya? Wannan ta ƙarshe kada a manta da ita. In za a nemi ƙwayar elikobakter, omefarazol yana ɓoye ta. Akan ce a bar shi sati 2 kafin gwaji, magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma sati 4. Amma likita ne zai faɗa, ba mutum ya yanke wa kansa ba.

In akwai ɗan uwa a birni, a buga masa waya ya je da wuri ya karɓo randebu, ya ji ranar da sa'ar. Wanda ya sauka tasha ran Juma'a da marece, likita kuma sai Talata, zai zauna yana cin kuɗɗin magani. Kuɗɗin ma a raba su tun gida: na mota zuwa da dawowa, na ganin likita, na gwaji, na magani, na abinci. Na dawowa a ƙulle shi daban.

Takardar da mai ciwo zai rubuta da hannunsa

Babban likita yana da mutane da yawa a layi. Lokacin da zai ba kowa kaɗan ne. A ce ga dattijo ya shiga. Likita ya ce: «Baba, mi ke damunka?» Ya ce: «Likita, jikin ne duka.» «Tun yaushe?» «Ai an daɗe.» «Wane magani ka sha?» «Wani fari ne, da wani ja.» Da wannan amsa likita bai samu abin kamawa ba.

Wani dattijon kuma ya shiga da littafinsa na makarantar yaƙi da jahilci. Ya buɗe ya ce: «Likita, ƙirjina ke zafi, tun damanar bara. Cikin sati 2 da suka wuce ya tashe ni dare 9. Wata 2 ke nan nama yana tsaya mini a nan.» Ya nuna wurin da yatsa. Cikin minti guda likita ya san inda zai dosa.

Saboda haka, sati 2 kafin tafiya, mai ciwo ya ware shafi. Kowace rana layi biyu ko uku sun isa. Misali:

Litinin. Tuwon dawa, miyar kuka da tonka, ƙarfe 9 na dare. Na kwanta 9 da rabi. Zafi ya tashe ni. Na sha kanwa.
Talata. Tuwo bayan magariba. Ban sha shayi ba. Na yi barci.
Laraba. Tsire a kasuwa. Loma ta tsaya, sai da na kora da ruwa.

A shafi na gaba ya rubuta yaushe ciwon ya fara, da sauran ciwon da yake da shi, kamar hawan jini, ciwon suga, ko fuka. Ya rubuta ko an taɓa yi masa aiki, ko wani magani ya taɓa ɓata masa jiki, ko cikin iyaye da ƴan uwa akwai wanda ciwon ciki mai ramarwa ya kashe. In an auna nauyinsa a CSI, ya rubuta kilo da ranar. Ba komi in da Hausa ne, ba komi in rubutun ya karkace. Shi zai karanta da bakinsa. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, abokin karatunsa ko malamin makaranta ya taimake shi.

Ya tattara karnensa, da tsofaffin takardun magani, da kwalayen duk abin da ya sha, ko sun ƙare. Na mai tebur ma ya sa ciki. Sassaƙe da jiƙo da kanwa, ya faɗe su. Taba, goro, giya, ya faɗi gaskiya da yawansu. Likita ba alƙali ba ne. Abin da aka ɓoye masa, mai ciwo aka cuta.

Ya tafi da mutum guda mai natsuwa, in da hali wanda ya yi lakkol, don takardun asibiti da Faransanci suke. Mace in tana jin nauyin magana gaban mijinta ko surukinta, ta tafi da ƴar uwarta. In tana zaton tana da ciki, ta faɗa tun kafin a fara komi.

Ranar leƙa ciki

Gwajin da aka fi yi sunansa fibiroskopi. Mutane suna jin tsoronsa, har wasu su gudu daga layi. Ba fiɗa ba ce, ba a yanka komi. Wata igiya ce mai laushi, kaurinta kamar ƙaramin yatsa, da fitila da abin ɗaukar hoto a bakinta. Ana bi da ita ta baki, likita yana ganin hanyar abinci da tumbi da farkon hanji.

Sharaɗinsa ciki ya zama wayam. Awa 6 aƙalla ba a ci komi ba, galibi akan ce daga tsakar dare. Nan ake yawan faɗuwa. Wani ya ce ai ɗan kunu ba abinci ba ne. Wani ya tauna goro a layi, wani ya sha shayi da madara a bakin asibiti. Duk wanda ya yi haka za a ce ya koma sai wata rana, don likita ba zai ga komi ba, kuma amai yana iya shiga huhu. Mai ciwon suga, da mai shan maganin tsinka jini, su faɗa tun ran da aka ba su randebu, a gaya musu yadda za su yi. Mai haƙoran roba ya cire su.

Ana fesa magani a maƙogwaro ya mutu. Mutum ya kwanta ta hagu, a sa masa wani abu ya ciza. Lokacin haɗiye igiyar ne ba daɗi, za a ji yunƙurin amai, za a yi gyatsa, miyau zai zuba. Ba abin kunya ba ne, kowa haka yake yi. Igiyar ba ta toshe numfashi, hanyarta daban. A yi ta numfashi a hankali. Minti 5 zuwa 10 an gama. Wani lokaci likita yana tsinko ɗan nama kamar ƙwayar gero don a auna. Ba a jin zafinsa.

Bayan an gama, kada a ci kada a sha sai kamar awa guda, sai maƙogwaro ya farfaɗo. In an yi wa mutum allurar sa barci, ranar nan ba ya tuƙa babur, ba ya tafiya shi kaɗai. In daga baya ya ji ciwo mai tsanani, ko zazzaɓi, ko ya ga jini, ya koma nan da nan.

Kafin ya fita, ya buɗe littafinsa ya yi tambaya, kada ya ji nauyi. Mi aka gani? Mi ne sunan ciwon? Maganin nan sau nawa a rana, kafin abinci ko bayan abinci, har kwana nawa? In ya ƙare a sake saye ko a tsaya? Yaushe za a dawo? Rakiyarsa ya rubuta amsa a nan take, don a hanya ana mantuwa. In kuɗɗin ba za su kai ga duk magungunan da aka rubuta ba, ya faɗa wa likita, ya nuna masa wanda ya fi zama dole, ko mai araha irinsa. Maganin elikobakter dai ba a raba shi, ba a tsaya a tsakiya don an ji sauƙi. Ƙwayar da ba ta mutu ba tana dawowa da taurin kai.

In an tsinki nama, amsarsa ba ta fita ranar. A tambayi yaushe, a bar lambar waya, a sa ɗan uwa na birni ya karɓo. Mutane da yawa suna komawa ƙauye su manta da ita, alhali ita ce amsar da aka yi tafiyar dominta.

In an iso gida, a kai wa manjo takardun ya gani, ya rubuta cikin karne, don shi zai ci gaba da bin mai ciwo. Sannan a naɗe su cikin leda, a sa cikin akwati ko kwalla mai marfi, inda gara da yoyon damana ba za su kai ba. Ran komawa za a tambaye su.